Yadda za ki rage kuɗin kayan aiki idan kina fara sana'ar hannu a Jos

Ranar da na fara shiga kasuwar Taminus da niyyar sayen kayan saƙa, kwasar adashena ce gaba ɗaya a cikin jaka. Na dawo gida da manyan ledoji uku: zaren ulu kala goma sha ɗaya, kwarashi manya da ƙanana, ribon, maɓallai masu siffar kifi da tauraro, har da duwatsun ado da ban san me zan yi da su ba. Na yi ciniki iya ciniki, har mai shagon yana cewa na fi shi iya kasuwa. Bayan wata huɗu kala uku kaɗai suka ƙare, fari da ruwan toka da shuɗi. Sauran suna ƙasan akwati, akwai wani ruwan goro mai ƙyalli da har yau ban ga wadda ta ce tana so ba. Ana ta tambayata hula fara, kuɗin sayen farin zaren kuwa yana kwance a cikin zaren da ba mai nema.

Yawancin asarar mai fara sana'a tun kafin ta buɗe baki ta yi tayi take aukuwa. Shi ya sa wannan jagorar ta fara daga gida kafin ta kai ki kasuwa. Misalaina daga saƙa da ɗinkin jaka suke, don su na sani, amma mai haɗa turaren wuta da mai aikin duwatsu da baduku duk za su ga nasu a ciki. Farashin da zan ambata na kwatance ne kawai, ki sa na ranar da kika shiga kasuwa a gurbinsa.

Mataki na farko: abu ɗaya, ki auna shi

Ki zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. A garin da sanyin Disamba da Janairu ke sa mutum ya kwana da safa, hular jarirai da safarsu da rigar sanyi ba sa rasa mai saye, kuma haihuwa ba ta da lokaci. Ki sayi kayan da za su isa guda uku kawai, ki yi su, ki nuna wa mutanen da ba za su ji kunyar faɗa miki gaskiya ba. Yayarki za ta ce ya yi kyau. Matar da ta ce "nawa ne?" ta kuma ciro kuɗi, ita ce shaida.

Sai awo. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan sana'a kimar ido tana cin riba. Ki nemi ƙaramin sikeli na kicin mai nuna giram, ko ki ara wurin maƙwabciya mai yin kek. Ki ɗora hular da kika gama. A ce ta yi giram 60. Ki duba takardar da ke jikin dunƙulen zaren, domin wani giram 40 ne, wani 50, wani 100, kuma a ido kusan girmansu ɗaya saboda wani an naɗe shi sako-sako. A ce mai giram 40 naira 800 ne, giram ɗaya ya kama naira 20, hularki ta ci zaren 1,200. Idan mai giram 100 yana 1,700, giram ɗaya ya dawo naira 17, hular ta ci 1,020. Wanda ya fi tsada a baki shi ne mai sauƙi a aljihu. A hula ɗaya bambancin bai kai a ɗaga ido ba, a hula hamsin kuwa naira 9,000 ne.

Mai ɗinkin jaka ta yanka fasalin jakar a jikin kwali, ta shimfiɗa yadi ɗaya a ƙasa, ta jujjuya kwalayen har ta ga jaka nawa za su fita. Tsawon yadi inci 36 ne ko'ina, amma faɗi ya bambanta: wani inci 45, wani 60. Kada ki kwatanta farashin yadi biyu ba ki tambayi faɗinsu ba. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma idan zanen jikinta mai fuska ɗaya ne, ba za ki iya juya kwali yadda kika ga dama ba, ɓarnar yanka za ta ƙaru. Atamfa mai ƙananan zane da ba su da sama da ƙasa ta fi auki.

Daga nan ki buɗe littafi, irin na 'yan makaranta ya isa. Shafi ɗaya ga kaya ɗaya. Ki rubuta har abubuwan da ake rainawa: zif, maɓalli, shafin cikin jaka, gam, ledar sa kaya, kuɗin keke zuwa kasuwa da dawowa, cajin mai POS, naira 50 ɗin da ake cira idan taransfa ta kai dubu goma, datar da kika ƙona wajen ɗora hotuna. Ni sai da na rubuta na gane kuɗin keken da nake kashewa a mako, ina zirga-zirgar sayen zif ɗaya yau ɗaya gobe, ya fi kuɗin zif ɗin kansu.

Mataki na biyu: abin da wasu suka yar

Nan ne zan daɗe, don nan ne kuɗi yake.

Ƙyallayen teloli. Kowane shagon tela yana tara su, kuma daga ciki ake samun jakar kuɗi, abin ɗaure gashi, murfin littafi, 'yan kunne na atamfa, fuskar takalmin ɗaki, da bargon haɗe-haɗe. Lokacin da suka fi yawa shi ne azumi zuwa jajibirin Sallah, da kuma Disamba. Amma kada ki je wa tela da wannan magana ana saura kwana uku Sallah, ko gaisuwarki ba zai amsa da kyau ba. Ki je tun da wuri, ki kai masa buhu, ki ce, "Malam, don Allah duk wanda ya kai tafin hannu a jefa mini nan, zan zo ranar Asabar." Ki riƙa zuwa ranar da kika ce, don ba wanda zai ajiye miki shara a shagonsa mako uku. Masu cusa filo ma suna nema, saboda haka idan ya ce ki ba da wani abu, ki bayar. Ni nakan ɗinka wa 'yar telan jakar makaranta sau ɗaya a shekara, buhuna bai taɓa zama wayam ba. Abu ɗaya: idan ƙyallen babba ne, ya kai rabin yadi, wannan haƙƙin mai ɗinki ne. Ki tambaya ko ta yafe kafin ki ɗauka.

Sai gwanjo. A Katako da sauran wuraren da ake buɗe dila, akwai rigunan sanyi da ba mai saye saboda sun ɓule a gwiwar hannu ko fasalinsu ya tsufa. A wurin mai saƙa wannan rigar zare ce, kuma babbar rigar sanyi ta namiji tana iya ba ki zaren da ya fi dunƙule biyar, wani lokaci mai kyan da ba ki samun irinsa a shago. Ga yadda ake zaɓe. Ki juya rigar ciki waje, ki duba haɗin gefe. Idan an yanke bakin an bi shi da injin kame baki, ki ajiye ta, domin kowane layi a yanke yake, guntaye za ki samu. Idan kuwa kin ga bakuna biyu lafiyayyu an haɗa su da wani siririn ɗinki mai kama da sarƙa, wannan ita ce taki. Ki guji wadda gashinta ya cure ya manne kamar bargo, ba ta warwaruwa. Ki guji mai siririn zare sosai, za ta cinye miki yini.

A gida ki warware ɗinkin sarƙar, ki raba hannuwa da gaba da baya, ki fara jan zaren daga sama, wajen wuya ko kafaɗa. Ki naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure naɗin wuri huɗu don kada ya harɗe, ki jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, ba cuɗawa. Ki matse a hankali, ki rataye a inuwa. Lanƙwasar za ta saki da yawa. Idan kina son sanin irin zaren, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje, nesa da sauran kayan. Na gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa. Na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Na auduga yana warin ƙonanniyar takarda.

Ra'ayina a nan, kuma ba kowa ya yarda da ni ba: kayan jarirai da sabon zare nake yi. Zaren gwanjo na jaka ne, da shimfiɗar ƙofa, da murfin filo, da hular manya. Kuma ina faɗa wa mai saye. Ban taɓa ganin wadda ta fasa saboda an faɗa mata ba, amma na ga wadda ta daina zuwa wurin wata saboda ta ji a bakin wasu.

Kina wajen gwanjon, ki leƙa tarin tsofaffin jakunkuna. Jakar da fatarta ta saɓule sau da yawa zif ɗinta da zobbanta da ƙugiyoyinta garau suke, sun ma fi sababbin da ke canza kala bayan wata biyu. Da reza da haƙuri za ki cire kayan jaka biyu daga ɗaya.

Mataki na uku: zagayen kasuwa ba kuɗi a hannu

Tun da babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, 'yan kasuwa suka bazu a titin Ahmadu Bello da lungunan da ke kewaye da Taminus. Illar haka ga mai saye ita ce masu kaya iri ɗaya ba lallai su kasance a layi ɗaya ba, kuma farashin bakin titi daban, na cikin lungu daban. Saboda haka zuwan farko ki je da littafi da biro da kuɗin keke kawai. Ki tambayi shago uku ko huɗu, kowanne tambaya biyu: nawa ne ɗaya, nawa ne dozin. Na maɓalli da ƙananan ƙarafa ki tambayi fakiti, ki kuma tambayi guda nawa ne a ciki, don wani fakitin dozin-dozin ne har goma sha biyu, wato guda 144, wani 100 ne cif.

Ki je da hantsi a tsakiyar mako, lokacin da mai shago ke da sararin sauraron ki. Ki gaisa sosai. Ki faɗi gaskiyar matsayinki: "Alhaji, sana'a na fara, zan riƙa zuwa. Yaya za ka bar mini in na ɗauki rabin dozin?" Idan kin taya ya ce albarka, kada ki yi fushi ki kuma kada ki kushe kayan. Masu kushe kaya don a rage musu suna samun ragin naira hamsin yau, su rasa kiran waya gobe. Kiran wayar nan kuwa shi ne riba: ranar da sabon kaya ya sauka, ko ranar da yake son rabuwa da ƙarshen bandir da ragowar kala a farashin sari, wadda ya sani yake kira. Bayan zagayen ki tsayar da mutum biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na ranar da na farko ba shi da kaya. Da lokaci zai fara yi miki gyara da kansa.

Zai kuma fara cewa ki ɗauka ki kawo kuɗin daga baya. Ki yi godiya, ki jinkirta. Kayan bashi ba a cinikinsu da ƙarfi, kuma suna sa hannu ya ɗauki abin da ba a yi niyya ba.

Mataki na huɗu: sari, amma na me?

Sai abu ya ƙare miki sau uku a jere ya cancanci sari. Farin zare da baƙi, baƙin zif, zaren ɗinki, shafi, soso na cikin jaka, leda: waɗannan ba sa tsufa. Kalar da ake yayi, da duwatsun da wata amarya ta sa kowa ya rikice a kansu, ki saye su gwargwadon odar da ke hannunki. Gam ma kada ki tara, da zarar an buɗe gwangwani iskar hunturu ta fara shan sa.

Akwai wuri ɗaya da saye da ɗan yawa ya zama dole. Zare kala ɗaya, kamfani ɗaya, yana iya bambanta idan ba tukunyar rini ɗaya suka fito ba. Wasu suna da lambar rini a jikin takardar, ki duba ta zama ɗaya. Na taɓa saƙa bargon jariri, zare ya ƙare saura kwata, na koma na sayo "irinsa". A cikin ɗaki ba a ganin komai. Da uwar ta shanya a rana sai ga layi ya raba bargon biyu. Ni na sake wani da kuɗina. Idan aiki babba ne, ki sayi zarensa gaba ɗaya rana ɗaya, da ƙarin dunƙule ɗaya.

Idan jarinki bai kai na sari ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, 'yan Islamiyya ɗaya ko 'yan unguwa ɗaya, ku sayi katan ku raba. A rubuta abin da kowa ta bayar da abin da za ta karɓa kafin kuɗi ya bar hannu, a kuma raba kayan a gaban kowa ranar da suka iso. Zumunci da yawa ya lalace a kan zif shida.

Maganar Kano kuma. Gaskiya ne yadi da atamfa sun fi sauƙi a Kantin Kwari, kuma a Kurmi akwai duwatsu da kayan fata, masu jaka da takalma kuma suna ambaton Ariaria ta Aba. Amma ki yi lissafi kafin ki hau mota: kuɗin zuwa da dawowa, abinci, adaidaita sahu a cikin gari, dako, da kwana biyun da ba ki yi aiki ba. Idan ragin da za ki samu bai ninka wannan ba, ki zauna a Jos. Dabarar da ta fi ita ce mutum ɗaya ta je sau ɗaya a madadin ƙungiya, tunda zuwa da kai ya fi aike, ta ga kaya da idonta, ta karɓi lambar masu shago biyu. Daga nan sai a riƙa sa kaya a mota ana karɓa a tasha, kuɗin aiken a raba.

Masu tallar kayan aiki a Facebook da Instagram da WhatsApp akwai na kirki, akwai ɓata-gari. Wanda ba ki sani ba, ki fara da odar da in ta salwanta ba za ki kwana kina kuka ba. Ki nemi ya nuna miki kayan a kiran bidiyo, da hasken rana, ya ɗora a sikeli ki gani. Hoto yana ƙara wa zare kauri.

Mataki na biyar: lokaci

Da yawan zaren roba da zif da duwatsu daga waje ake shigo da su, don haka suna bin dala. Wanda ya yi sana'a a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira, ya ga yadda farashi ke canzawa tsakanin zuwa kasuwa biyu. Darasin da na ɗauka: ki yi wa kayanki kuɗi da farashin da za ki sake sayen zaren yau, ba wanda kika saya wata uku da suka wuce ba. In ba haka ba za ki sayar da komai, ki yi murna, ki je kasuwa kuɗin ya kasa dawo da abin da kika fara da shi.

Zaren ulu ki neme shi da bazara, wajen Maris da Afrilu, lokacin da ba mai tunanin sanyi, ki yi saƙarki a hankali cikin damina. Kayan ado na ɗinki kuma ki saye su kafin azumi ya kama ko bayan Sallah, kada ki shiga turmutsutsun teloli.

Kayan aiki da kuɗin mutane

Araha ba ta ado a wuri biyu: almakashi da abin da hannunki zai riƙe kullum. Ki sayi almakashi mai kyau ɗaya, ki ɗaura masa jan ƙyalle, ki sanar da duk gidan cewa wanda ya yanka takarda ko leda da shi zai gamu da ke. In ya dakushe a kai wa mai wasa wuƙa. Kwarashi lamba biyu da kike aiki da su sun isa. Keken ɗinki kuwa, idan babu a gida, kada ki fara da sayen sa. Ki yanka kayanki ki shirya su, ki biya a bar ki ki hau na wata na awa biyu, ko ki kai a ɗinka miki. Randa kuɗin hayar wata uku ya kusa kuɗin keke na hannu mai lafiya, ranar ce ta saye, kuma ki tafi da mai gyaran keke ya duba miki.

Duk aikin da aka ce ki yi na musamman, kala kaza, suna kaza, ki karɓi kafin alƙalami da zai biya kuɗin kayan gaba ɗaya. Ko Anti ce, ko matar Yaya. Ki faɗa da fara'a: "Anti, ki ba ni na zare in sayo, ladan hannu sai kin ga aiki." Hular da aka saƙa wa sunan wani yaro ba ta sayuwa ga wani. Kuɗin da ya shigo kuma ki fara cire na mayar da kayan aiki ki ajiye daban, kafin a zo neman na cefane.

Ajiya

Daminar Jos doguwa ce, kuma a Yuli da Agusta ɗaki yana yin danshi ko da rufi bai yoyo. Fata tana fumfuna, zif da ƙugiya suna tsatsa, zare yana ɗaukar wari. Bokitin fenti da aka wanke, mai murfi, ya fi kwali nesa ba kusa ba, kuma ki ɗaga shi daga siminti. Zaren gashin tumaki ki sa masa kafur saboda asu, amma ki shanya kayan su sha iska kafin ki kai wa mai su. Ƙananan ƙarafa su shiga kwalaben da aka gama da su, kowanne da nasa, don abin da ba ki gani ba za ki sake saye.

Ragowar zare kada ki zubar ko da kamu ɗaya ne. Ki tara su a leda mai haske kala-kala. Daga nan furen kan hula yake fitowa, da igiyar safa, da abin maƙala makulli da yara 'yan makaranta ke saye. Na sa kaya kuma, farar leda mai tsabta da ƙaramar takarda mai lambar wayarki sun wadatar a shekarar farko. Hatimin roba guda ɗaya da tawada zai buga miki ɗaruruwan takardu, kwalin da za ki yanka kuwa masu shagon atamfa suna zubar da shi kullum da yamma.